Akwatin Rediyon Aji da Mai Tsaronsa

Dattawa, malamai, iyayenmu mata da sauran 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Sabon Birni da ta Isa, yau za mu ajiye allo da alli, mu yi zancen akwatin rediyo. Kusan ko wane gida akwai shi, amma ba kowa ya san yadda za a riƙe shi ya daɗe ba.

Ba wanda zai gaya wa mutumin ƙasar nan amfanin rediyo. Kun tuna cikin watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato sabo da 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suna ciki. Waya ta zama sai dai a haska ɗaki da ita. Waɗanda ke bakin iyaka suka riƙa yawon neman layin Nijar. Saura kuwa, duk abin da su ke ji na duniya daga bakin akwatin nan ya ke fitowa. A kwanakin nan mun ga gidan da akwatinsu ke da lafiya ya cika da maƙwabta ko wane dare. Mun kuma ga waɗanda suka jawo nasu daga ƙarƙashin gado, suka tarar ya mutu tun tuni. Don kada a sake haka mu ke wannan jawabi.

Mu fara da karatu, tun da shi ya tara mu. Ku dubi fuskar akwatin. Za ku ga baƙaƙe guda biyu biyu: FM, da MW, da SW. Wani akwatin a kan rubuta AM a wurin MW, duk ɗaya ne. Waɗannan hanyoyi uku ne da murya ke bi ta zo muku, ko wace da halinta.

FM ita ce mai murya garau, amma ba ta da dogon zuwa. Tafiyarta miƙe ta ke kamar ganin ido, tudu ya kan tare ta, nisa ya kan cinye ta. Don haka in kuna neman tasha ta FM ta ƙi fitowa, ku ja sandar eriya duka, ku fita waje, ku nemi wuri mai tudu. Wani lokaci taku biyar kaɗai ke tsakanin ji da rashin ji.

MW shi ne matsakaicin zango. Da rana ba ya nisa ƙwarai, amma da rana ta faɗi sai tashoshi masu nisa su yi ta ɓullowa. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sandar nan da a ke ja ba ta yi wa matsakaicin zango aikin kome. Tasa eriyar tana ɓoye a cikin cikin akwatin, a kwance. In murya ta yi rauni, ku bar sanda ta huta, ku juya akwatin kansa sannu sannu, gabas ko arewa, har ku sami inda ta fi ƙarfi.

SW shi ne gajeren zango, shi ne kuma mai abin mamaki. Sunansa gajere, tafiyarsa ta fi ta kowa tsawo. Muryar kan tashi daga tasha ta yi sama, ta bugi wani rufi na iska da ke can ƙololuwa, ta komo ƙasa a wata ƙasa mai nisa. Ta wannan hanya kakanninmu suka fara jin Hausa daga London a 1957, suka ji Rediyon Kaduna a 1962, suka ji Jamus a 1963. Rufin nan rana ce ke sarrafa shi, don haka halinsa na rana dabam, na dare dabam. Shi ya sa za ku ji murya tana zuwa tana komawa kamar mai magana cikin iska. Akwatin bai lalace ba, kada ku buge shi.

Nan ne sanin lamba ke biyan mai shi. A layin gajeren zango za ku ga lambobi tun daga wajen 6 har 18, ko fiye. Abin da masu shela ke kira mita 49 yana wajen lamba 6. Mita 41 na wajen 7. Mita 31 na tsakanin 9 da 10, mita 25 kusa da 12, mita 19 tsakanin 15 da 16, mita 16 kuwa tsakanin 17 da 18. Da rana ku nema a manyan lambobi, watau 15 da 17. Da dare da asuba ku gangaro ƙanana, 6 da 7 da 9. Kuma ku sani, manyan tashoshin ƙasashen waje su kan sake mazauninsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Su kan yi shela tun kafin ranar. Wanda ya iya rubutu sai ya rubuta sabuwar lamba ya huta. Wanda bai iya ba sai ya kwana uku yana murɗa, yana zagin akwati. Tasha ma ta kan yi shiru ɗungum, kamar yadda sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi a watan Maris na 2025, don haka kada aji ya san tasha ɗaya tak.

In gajeren zango ya yi muku rauni, ga dabara mai araha. Ku sami siririyar waya mai riga, kamu 20 ko kusa da haka. Ku ɗaure baki ɗaya a saman itace ko doguwar gora, ɗaya bakin ku fere shi ku naɗa a sandar eriya. Za ku ji bambanci nan take. Amma akwai sharuɗɗa biyu, kuma na rai ne. Kada wayar nan ta ratsa sama ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko da kuwa an shekara ba a kawo wuta ba. Sa'an nan da damina, da kun ga hadari ya haɗu, ku kwance ta daga akwatin ku jefa bakinta waje, nesa da mutane. Aradu tana bin waya mai tsawo. Labarin da za ku rasa a daren nan gobe za a maimaita shi.

To, sai batun batir, wanda shi ne ke kashe akwati tara cikin goma da a kan kawo mana a ce sun mutu. Wannan ƙiyasinmu ne na masu yawon duba azuzuwa, ba mu ƙirga ba, amma mai gyaran rediyo na kasuwarku ba zai musa ba.

Ko wane batir irin na tocila ƙarfinsa bolt ɗaya da rabi ne, babba da ƙarami. Yana da kai da gindi. A kai akwai alamar tarawa, a gindi akwai alamar ɗebewa, waɗannan da kuka koya a lissafi. A cikin akwatin ma an zana su, sai a daidaita alama da alama. Gindi ne ke zama kan sifirin.

Kada a haɗa sabo da tsoho. Mun san dalilin da ya sa a ke yi: kuɗin guda biyu ke hannu, akwati kuwa huɗu ya ke ci. Amma tsohon zai janye sabon, su mutu tare, kuma tsohon ne zai fara zubar da ruwa. Gara a haƙura a tara kuɗin huɗu.

Ruwan batir shi ne babban abokin gaba. Bari mu ba ku labarin abin da ya same mu, don laifin har da namu. Akwai wani aji da muka ba akwati sabo ful. Damina ta faɗi, aka tashi aji don noma, mai tsaro ya naɗe akwatin cikin zane ya sa a adaka, don tsananin tattali. Mu kuwa ba mu gaya masa ya cire batir ba, mun ɗauka ya sani. Da kaka ta yi aka buɗe, sai ga wani farin gari ya toho a kan sifirin, ƙarfen ya cinye, ruwan ya bi waya ya shiga ciki. Mai gyara ya duba ya girgiza kai. Ajin nan suka yi rani guda ba akwati, mai tsaro kuwa kunya ta hana shi zuwa karatu har sai da muka je gidansa muka ba shi haƙuri. Tun daga ran nan ba mu ba da akwati sai mun faɗa sau uku: in za a ajiye shi fiye da mako guda, a cire batir.

In kun tarar ruwan ya fara zuba, ku cire batir ɗin da tsumma, ku goge wurin da busasshen ƙyalle, ku kankare tsatsar da sanfefa ko bakin wuƙa har ƙarfe ya yi haske. Sa'an nan ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa ido ko abinci. Mataccen batir kuma kada a ba yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi wuta, kada a yar kusa da rijiya. Masu shanya batir a rana, da masu cizonsa da haƙori don ya farfaɗo, abin da su ke samu bai wuce na ɗan lokaci kaɗan ba, kuma cizon nan shi ke fasa shi.

Ƙarar murya ma cin batir ce. Akwatin da aka ƙure don a ji a ƙofar gidan maƙwabci ba zai kai rabin kwanakin wanda aka sassauta ba. In da tocila a jikinsa, a bar ta sai da larura.

Yanzu akwatuna da yawa masu caji ne, wasu da ɗan farantin sola. Waɗannan sun rage mana wahala, amma su ma da dokarsu. Faranti ne ke son rana, batir ba ya so. In farantin dabam ya ke da igiyarsa, ku sa shi a rana, akwatin a inuwa. In a jikin akwatin ya ke, ku shanya shi da hantsi, kada ku bar shi kan kwano da tsakar rana a watan bazara. Batirin caji in ya sha zafi ya kan kumbura, kuma kumburarre ba a sake sa shi, don yana iya kama wuta. Da hunturu ku riƙa share fuskar faranti ko wace safiya da ƙyalle mai laushi, gama ƙura tana tare haske. Masu jona akwati da batirin mota, ku karanta lambar da ke bayan akwatin tukuna. Batirin mota bolt 12 ne. In akwatin na bolt 6 ne, kafin ku ƙifta ido ya ƙone.

Wani lokaci za ku ji akwati na ta ƙugi a gajeren zango ko matsakaici, alhali jiya lafiya lau. Kafin ku ɗauke shi zuwa kasuwa, ku duba kewaye. Cajar waya, da ƙwan fitilar sola mai araha, da janareta, duk suna sa wannan ƙugi. Ku kashe su ɗaya ɗaya, ko ku matsa nesa, za ku gane mai laifin. In kuma abin ƙara murya ne ke ƙarƙar in an taɓa shi, ƙura ce. Ku kashe akwatin, ku murɗa shi gaba da baya sau da yawa. A ɗinka masa riga, a rataye shi inda yaro da akuya da yoyon ɗaki ba su kai, nesa da hayaƙin murhu.

Abu guda mu ke roƙonku da girman Allah: kada ku buɗe cikinsa da sukudireba. A ciki akwai wasu 'yan ƙananan kusoshi masu launi, ja da rawaya da fari, sun yi kamar sun kwance suna jiran a ɗaure su. Ba su kwance ba. Da na'ura aka daidaita su a masana'anta. Mai karambanin da ya ɗaure su ya kurmantar da akwatin, kuma ba ko wane mai gyara ke iya mai da su ba.

Yanzu mu zo kan mutum, don akwatin aji sai da mai tsaro. Aikin sa kai ne, ba albashi. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo tun 1962. A ko wane gari a kan sami mai jagora, sau da yawa malamin makaranta, ya tara jama'a a saurari shiri, a tattauna, sa'an nan ya aika wa gidan rediyo abin da mutane suka ce. Har na'urar ɗaukar murya a kan kai ƙauye, manomi ya ji muryarsa ta fito daga Yamai. Tsakaninmu da Maradi da Tsibiri ba nisa, Gobirawa ne nan da can, abin da suka iya za mu iya.

Wa za a zaɓa? Ba lalle sai wanda ya fi kowa karatu ba, ba kuma lalle sai ɗan mai gari ba. A zaɓi mai cika alkawari, wanda ba ya yawan tafiya ci-rani, wanda kowa ke iya shiga zaurensa. A yi masa mataimaki. Ajin mata su zaɓi tasu daga cikinsu, a kuma yanka musu ranakunsu a rubuta, don mun lura in ba a rubuta ba akwatin ba ya ƙetare zaure. Mai tsaro ya tuna akwatin na aji ne. Ba a tafiya da shi gona, ba a ba da aronsa gidan biki, ba a kashe shi don tashar ta faɗi abin da bai yi wa jam'iyyarsa daɗi ba.

Za a ba shi littafi. A ko wane zama ya rubuta kwanan wata, da sunan tasha, da lokaci, da kan maganar da aka ji, ko da layi biyu ne. A bayan littafin ya rubuta kuɗin batir: wa ya ba da, nawa, yaushe aka saya. Kuɗin jama'a in ba rubutu sai zargi, ko da mai riƙon waliyyi ne. In an yi shelar ranar rigakafi, ko rabon taki, ko an ce ruwa na ƙaruwa a Gulbin Rima ko Bunsuru masu fadama su yi hattara, ya rubuta nan take, ya kai wa mai gari da liman.

Kuma ya faɗi abin da ya ji, iyakarsa ke nan. In an ce mutum uku, uku ne. In bai ji sunan garin sosai ba, ya ce bai ji ba. A ƙasar da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, kuskuren sunan gari guda ya isa ya tashi ƙauye da tsakar dare, mata da goyo su kwana a daji a banza. In aka yi haka sau biyu, ran da abin ya zama gaskiya ba wanda zai motsa.

Samari sun sha tambayarmu game da rediyon da a ke magana a ciki a amsa. I, akwai shi. A duniya akwai mutane masu yawa da ke wannan don sha'awa, ba don kuɗi ba. Su kan kafa 'yar tasha a gida, su yi magana da irinsu a wata ƙasa ta gajeren zango. Ko wanne yana da lambar kira da hukuma ta ba shi. Ta mutumin Nijeriya tana farawa da 5N, ta mutumin Nijar da 5U, don haka da an ji lamba an san ƙasar mai magana. Sun yi rana a lokacin masifa. Da girgizar ƙasa ta rushe birnin Meziko a 1985, da ta auka wa Nefal a 2015, wayoyi sun yanke, irin waɗannan mutane na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙon neman taimako. Amma sai da ilmi da lasisi. Saurare kowa na iya yi, aikawa da murya kuwa sai da izinin Gwamnatin Tarayya. Dokarsu kuma ba ciniki a ciki, ba zagi, ba maganar ɓoye.

Ƙaramin ɗan'uwansa shi ne oba-oba, wanda ku ke gani hannun jami'an tsaro. A nan ƙasar muna faɗa muku ƙarara: kada wani ya sayo shi a kasuwa ya ajiye a gida don sha'awa. In aka gan shi a hannunku ba takarda, bayaninku zai yi wuya. Wanda hukuma ta danƙa wa shi don aikin gari, ya san waɗannan. Tafiyarsa 'yan kilomitoci ce, ta fi nisa daga kan tudu. Kada a danna shi ba eriya a jiki, yana ƙona shi. A riƙe shi tsaye, a saurara tukuna ko wani na magana, a danna, a ɗan dakata, a faɗi suna da saƙo a taƙaice, a saki. Muddin yatsa na kan madanni, ba za ku ji kowa ba, wani kuma ba zai sami hanya ba. Mafi girma duka, oba-oba ba shi da asiri. Duk mai irinsa da ya murɗo lambarku yana jinku, har wanda ba ku so ya ji. Kada a faɗi inda shanu suka kwana, ko wa ya sayar da hatsi, ko ƙarfe nawa motar kasuwa za ta tashi. Irin wannan magana sai baki da baki.

Mako mai zuwa ko wane aji ya zo da akwatinsa, mai lafiya da marar lafiya, da sunan mai tsaro da na mataimakinsa a rubuce da hannun ɗan aji. Za mu zo da littattafai da waya da sanfefa. Wanda ke da mataccen akwati a ƙarƙashin gado ya kawo shi ma, mu buɗe gidan batir tare mu gani.